Wa Ke Da Ikon Buɗe Mahaɗi? Jawabi A Kan Jadawalin Lissafi Da Burauza

 

Abin da zan yi magana a kansa yau, in aka ji shi da fari, sai a ce bai kai a tara jama'a dominsa ba. Magana ce a kan 'yan kalmomin nan masu launin shuɗi da layi a ƙarƙashinsu, waɗanda muke gani cikin jadawalin lissafi na kwamfuta, irin su Excel da Google Sheets da LibreOffice Calc, waɗanda in aka latsa su sai su kai mutum wani shafi na intanet. Samari kan ce da su linki, ni kuwa zan riƙa cewa mahaɗi, tun da yake aikinsa ke nan, haɗa wani wuri da wani. Tambayar da nake so mu duba ita ce, in an latsa mahaɗi, wa ke yanke shawarar yadda zai buɗe? Cikin wace burauza? Bisa shafin da mutum yake karantawa, ko kuwa a sabon falle, watau ɗaya daga cikin 'yan fallayen nan da kan jeru a saman burauza? Amsar ita ce, wannan iko ya rabu hannu huɗu. Akwai hannun wanda ya tsara jadawalin, da na manhajar jadawalin, da na babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, sa'an nan da na mai karatu. Wanda ya san iyakar rabonsa ya huta, ya kuma hutar da jama'a. Wanda bai sani ba kuwa, ko dai ya ɓata yini guda yana neman maɓallin da babu shi, ko kuma ya ƙwace wa mai karatu abin da yake hakkinsa ne.

Kada wani ya ce wannan ta masu koyon ilmin kwamfuta ce su kaɗai. Da wuya a sami ofishin da ba a aiki da jadawali a cikinsa yau, kuma ƙaramin ma'aikaci ne akan ɗora wa tsara shi. Mu ɗauka an ce da kai ka jera sunayen ma'aikata ɗari uku, a gaban kowane suna ka sa mahaɗin da zai kai ga takardunsa. Ko kuwa an ce ka tara sunayen hukumomin da ke ba da tallafin karatu, kowace da adireshin shafinta, a rarraba wa ɗalibai. Mutum ɗari ko dubu za su latsa abin da ka rubuta, galibinsu a wayar hannu, da kuɗin data da suka saya da guminsu. In mahaɗin ya buɗe ba yadda ya kamata ba, wani zai rasa fom ɗin da ya kai rabi yana cikawa, wata za ta ɓata ta kasa komowa kan jerin sunayen, wani kuma, wanda ya fi kowa rashin sa'a, zai rubuta kalmarsa ta sirri a shafin ɓarayi. Duk kuwa sunanka ne a ƙarƙashin takardar.

Bari mu ɗan waiwaya baya, don mu ga mafarin al'amarin. Kafin zuwan kwamfuta, akawu yana da babban littafinsa mai layuka tsaye da kwance. In ya zo kan wani batu mai tsawo, sai ya rubuta a gefe, a duba fayil mai lamba kaza. Mai son ganin fayil ɗin sai ya kira masinja, masinja ya tafi ya ɗauko. Jadawalin kwamfuta magajin wannan littafi ne, mahaɗi kuwa shi ne ya gaji masinja. Jadawalin da ya fara shahara shi ne VisiCalc, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka cikin 1979 domin kwamfutar Apple II. Lotus 1-2-3 ya biyo baya a 1983, Excel kuma ya fito a 1985. Duk wannan ya faru tun ba a san shafin intanet ba, gama sai a 1989 ne Tim Berners-Lee, wani mutumin Ingila da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Jeneba, ya kawo shawarar haɗa takardu da juna ta hanyar mahaɗai, aka kuma buɗe wa duniya tsarin a 1991. Sai da Excel 97 ya fito sa'an nan gurbin jadawalin Excel ya iya ɗaukar mahaɗi. A 2006 kuma Google ya kawo jadawalin da shi kansa cikin burauza yake zaune. Kun ga ke nan jadawali da burauza ba tare aka haife su ba, daga baya aka haɗa su zama, shi ya sa har yanzu ba kullum ɗaya ke jin maganar ɗaya ba.

To, mu fara da hannu na farko, watau na mai tsara jadawali. A fayil na Excel da ke cikin kwamfuta, hanya biyu ce ta sa mahaɗi. Ko dai mutum ya zaɓi gurbi ya danna Ctrl da K ya rubuta adireshin, ko kuwa ya yi amfani da umarnin lissafi mai suna HYPERLINK. Wannan umarni abu biyu kaɗai yake karɓa, adireshin inda za a je, da sunan da za a nuna wa mai karatu. Haka yake a Excel, haka yake a Google Sheets, haka kuma yake a Calc. Babu wuri na uku da za ka ce a buɗe da Firefox, ko a buɗe a sabon falle. Mutane da yawa sun sha wahalar neman wannan wuri na uku, alhali kuwa tun asali ba a yi shi ba. Akwai kuma iyakoki biyu da ya kamata a sani game da Excel. Adireshin da aka ba HYPERLINK in ya wuce haruffa 255 sai gurbin ya nuna alamar kuskure, sa'an nan fejin jadawali guda ba ya ɗaukar mahaɗan da aka sa da hannu fiye da wajen 65,000. A taƙaice dai, a irin wannan fayil, rabon mai tsarawa shi ne adireshi da suna. Ƙaramin rabo ne a ido, amma za mu ga nauyinsa nan gaba.

Hannu na biyu shi ne na manhajar jadawalin, kowace kuwa da halinta. Excel, da zarar ka rubuta abin da ya yi kama da adireshi, sai ya mai da shi mahaɗi ba tare da ya tambaye ka ba. Wanda ba ya son haka yana iya kashe wannan ɗabi'a a sashen AutoCorrect. A Excel latsawa guda ta isa ta fitar da kai daga aikinka, don haka in gurbin kake son zaɓa ba tafiya ba, sai ka latsa ka riƙe na ɗan lokaci, ko ka iso gurbin da maɓallan kibiya. Calc kuwa, bisa al'adarsa, sai an riƙe Ctrl kafin mahaɗi ya buɗe, ana kuma iya sauya wannan a sashen tsaro na zaɓuɓɓukansa. A Google Sheets, in ka latsa gurbi, ɗan kati ne ke fitowa ɗauke da adireshin, sai ka latsa shi sa'an nan ya buɗe a sabon falle. A sababbin sigogin Microsoft 365 har akwai wurin da mutum zai zaɓi ko mahaɗin da ke kai wa ga wani fayil na Word ko Excel ya buɗe cikin manhajar da ke kwamfutarsa maimakon burauza.

Akwai wani hali na Office a kan Windows da ya daɗe yana rikita ma'aikata, kuma kamfanin Microsoft da kansa ya bayyana shi cikin takardunsa na taimako. In ka latsa mahaɗi, Office ba ya miƙa wa burauza adireshin nan take, sai ya fara zuwa da kansa ya leƙa. To, shafukan da ake shiga da suna da kalmar sirri, in ka shiga, sukan ba burauzarka wata 'yar shaida da ake kira kuki, wadda da ita suke gane ka. Office ba shi da wannan shaida, saboda haka sai shafin ya tura shi ƙofar shiga, shi kuma ya miƙa wa burauza adireshin ƙofar maimakon na takardar da kake nema. Sai ka ga kana ciki, amma ana cewa ka sake shiga, ko kuwa a ce maka ba a sami shafin ba alhali yana nan lafiya lau. Akwai gyaran da ake yi a rajistar Windows, da suna ForceShellExecute, amma wannan aikin jami'in kwamfuta na ma'aikata ne, kada kowa ya taɓa rajista da ka. Mai sauƙin ita ce a kwafi adireshin a liƙa shi a burauza da hannu. Zuwa da kai, in ji Bahaushe, ya fi saƙo.

Hannu na uku shi ne na babbar manhajar na'ura, watau Windows ko macOS ko Android da makamantansu. Ita ce ke riƙe da sunan burauzar da mai na'ura ya zaɓa ta zama ta kullum, kuma ga wannan burauza ce jadawali ke miƙa adireshi. Don haka in wani ya kawo maka ƙara cewa mahaɗan jadawalinka suna buɗewa a Edge alhali shi Chrome yake so, kada ka buɗe fayil ɗin kana neman laifinsa. Maganin yana cikin na'urarsa. A Windows sai ya shiga Settings, ya shiga Apps, ya nemi Default apps, ya zaɓi wadda yake so. A Android ma akwai irin wannan wuri cikin saitin manhajoji. Masu iPhone kuwa sai a 2020, da fitowar iOS 14, aka ba su damar zaɓar wata burauza ban da Safari. A wasu ma'aikatu kuma hukuma ce ke kulle wannan zaɓi a kwamfutocinta duka, in haka ne, sai a kai kuka ga masu kula da su.

Kada ku ɗauka wannan zaɓi ƙaramin abu ne don yana ɓoye cikin saiti. Manyan kamfanoni da gwamnatoci sun yi shekaru suna shari'a a kansa, gama wanda ya mallaki ƙofar da jama'a ke bi, shi ke da kasuwa. A 1998 gwamnatin Amurka ta kai Microsoft kotu, ɗaya daga cikin manyan tuhume-tuhumen kuwa shi ne haɗa Internet Explorer da Windows. A 2009 kamfanin ya yi wa Hukumar Tarayyar Turai alkawarin nuna wa masu Windows allon zaɓen burauza, da aka same shi da saɓa alkawarin, sai aka ci shi tarar Yuro miliyan 561 a 2013. Ita Internet Explorer ɗin an yi mata ritaya a watan Yuni na 2022, amma ja-in-jar ba ta ƙare ba, don a 2023 kamfanin ya sa mahaɗan da ke cikin Outlook da Teams su riƙa buɗewa a Edge ga masu amfani da yawa, sai in mutum ya shiga ya sauya da kansa. In abin da ake ci wa kamfani tarar ɗaruruwan miliyoyi ne a kansa, lalle bai dace ƙaramin akawu ya nemi dabarar ƙwace shi daga hannun abokin aikinsa ba.

Yanzu sai mu zo inda rabon mai tsarawa yake ƙaruwa, watau sa'ad da aka mai da jadawalin shafin intanet, aka ɗora shi a dandalin makaranta ko na ma'aikata. A nan jadawali ya tashi daga fayil na lissafi ya koma rubutun HTML, harshen da ake gina shafuka da shi, kuma a wannan harshe kowane mahaɗi yana iya ɗaukar umarni mai suna target, wanda ke faɗin inda za a buɗe shi. Burauzar Netscape ce ta kawo shi a 1996, tare da dabarar raba shafi gida gida. Kalmomi huɗu ne aka keɓe masa, kowace da ɗan layi a gabanta. In an rubuta _self, sabon shafi zai maye gurbin wanda ake karantawa, kuma haka ake yi ko da ba a rubuta kome ba. In an rubuta _blank, zai buɗe a sabon falle ko sabuwar taga. In an rubuta _parent, zai buɗe a gidan da ke ɗauke da wanda ake ciki. In kuwa _top ne, zai mamaye fallen gaba ɗaya. Wanda ke son dukan mahaɗan shafi su bi hanya guda, ba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba, layi guda mai suna base a kan shafin ya wadatar.

Sai dai a nan akwai tarkuna uku. Na farko, layin base ba ya rinjayar mahaɗin da ya riga ya zo da nasa target. In manhajar da ta fitar da shafin ta rubuta wa kowane mahaɗi nasa, sai an buɗe rubutun an nemo su an musanya. Na biyu, duk gyaran da aka yi wa shafin da hannu yana gogewa ranar da aka sake fitar da shi daga jadawalin, don haka a rubuta matakan a ajiye wa wanda zai gaji kujerar. Na uku, jadawalin da aka dasa cikin ɗan akwati a tsakiyar wani shafi, in mahaɗinsa na _self ne, cikin wannan ɗan akwati zai nemi buɗewa. Shafuka da yawa kuwa, musamman na bankuna, suna ƙin a nuna su cikin akwatin wani, sai mai karatu ya ga fili fari fat, ya zaci intanet ce ta yanke. A irin wannan hali _top ko _blank ne magani. Ku ƙara da wannan, mahaɗin da ke nuni ga fayil a cikin kwamfutarka, kai kaɗai yake yi wa aiki. Da ka aika wa wani ya mutu, kuma burauzoci ba sa yarda shafin intanet ya buɗe irinsa. Sai an ɗora takardar inda kowa zai iya kai wa gare ta, sa'an nan a sa adireshinta cikakke.

Hannu na huɗu, wanda ni a ganina ya fi sauran girma, shi ne na mai karatu. Duk wanda ke gaban burauza yana da zaɓi a yatsunsa. In ya riƙe Ctrl ya latsa, ko ya danna ƙafar tsakiya ta linzamin kwamfuta, mahaɗi zai buɗe a sabon falle. In ya riƙe Shift, zai buɗe a sabuwar taga. A waya kuma, in ya ɗora yatsa ya riƙe, zaɓuɓɓuka za su fito. Ku lura da wani abu a nan. In ka bar mahaɗi yadda yake, mai karatu yana da hanya biyu, ya buɗe a nan ko ya buɗe a can. In kuwa ka sa _blank, ka rage masa ɗaya, don mai da shi ya buɗe a fallen da ake ciki ba abu ne da kowa ya iya ba. Daɗin daɗawa, sabon falle ba shi da tarihi, kibiyar komawa baya ba ta aiki a cikinsa, ita kuwa ce sandar da baƙon intanet ke dogarawa. Tun a 1999 Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da shafuka, ya lissafa buɗe sababbin tagogi cikin manyan kurakuran masu gina shafi. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ita ma ta ba da shawarar kada a buɗe sabuwar taga sai da larura, in kuma za a buɗe, a gaya wa mutum tukuna. Dalilinta a fili yake. Makaho da ke aiki da manhajar da ke karanta masa allo ba ya ganin an buɗe sabon falle, sai dai ya ji ya nemi hanyar baya ya rasa. Mai ƙaramar waya kuma, jadawali mai mahaɗi hamsin yana iya tara masa fallaye har wayar ta yi nauyi.

Wani zai ce, ashe ke nan kada a taɓa amfani da _blank? A'a, yana da wurinsa. In mai karatu yana tsakiyar cika fom, mahaɗin kuma na bayanin yadda ake cikawa ne, to barin shafin yana iya jawo masa asarar abin da ya rubuta, sabon falle ya fi. In jadawalin jerin aiki ne da ma'aikaci zai bi layi layi, ya duba takarda ya komo ya sa alama, nan ma sabon falle ya fi, don kada ya riƙa ɓatar da inda ya tsaya. Ma'aunin dai guda ne, wa abin zai amfana? In don sauƙin mai karatu ne, a yi, a kuma rubuta a kan jadawalin cewa mahaɗan nan a sabon falle suke buɗewa. In kuwa don kada ya bar shafinka ne, to ka sani tare ƙofa ba ya sa baƙo ya so gida.

Akwai kuma batun tsaro. Shekaru da dama, shafin da aka buɗe da _blank yana samun igiyar da ke haɗa shi da shafin da ya buɗe shi. Mugun shafi yana iya jan wannan igiya ya sauya fallen da ka baro, ya sa na jabu mai kama da ƙofar shiga ta ma'aikatarku. Kai kuma ka komo, ka zaci lokacinka ne ya ƙare, ka sake rubuta kalmar sirri. Maganin da aka samo shi ne a ƙara wa mahaɗin kalmar noopener, wadda ke tsinka igiyar. Daga baya burauzocin suka ɗauki nauyin tsinka ta da kansu, Safari a 2019, Firefox a 2020, Chrome a 2021. Amma da yake akwai ofisoshin da ke aiki da tsofaffin kwamfutoci waɗanda aka daɗe ba a sabunta ba, rubuta kalmar ba ya rage kome. Rigakafi ya fi magani.

Wannan ya komo da mu kan ƙaramin rabon nan na mai tsarawa, adireshi da suna. Jama'a, a nan amana take. Babu wata doka a cikin manhaja da ta tilasta sunan da ake gani ya dace da inda za a je. Mutum yana iya rubuta sunan banki ko na hukuma a fili, ya ɓoye adireshin wani wuri daban a ƙarƙashi, kuma da wannan ne 'yan damfara ke cin kasuwarsu a jadawalan da ke yawo a WhatsApp da sunan ɗaukar aiki ko tallafi. Kafin ku latsa, ku iso gurbin da maɓallan kibiya ku karanta abin da ke sama a layin umarni, ko ku danna dama ku duba adireshin. Kada ku dogara ga ɗan bayanin da kan fito in an ɗora linzami, don a Excel mai tsarawa yana iya rubuta abin da ya ga dama a wurin. In kun ga adireshin, ku nemi sanda mai karkata ta farko da ta zo bayan sunan shafin, ku karanta daga nan zuwa hagu, gama sunan da ke daf da ita shi ne mai gida. A Nijeriya an keɓe gov.ng ga hukumomin gwamnati, edu.ng kuma ga manyan makarantu. Adireshin da ya sa gov.ng a farko ko a tsakiya, amma ya ƙare da wani suna daban, ba na gwamnati ba ne. Kama da wane ba ta wane. Mu kuma masu tsarawa, mu guji gajarta adireshi ba dalili, don gajartacce yana ɓoye mai gida. Mu sa wa mahaɗi sunan da ke faɗin abin da ke can, maimakon a latsa nan, a latsa nan, har sau ɗari. In da wuri, mu ware layi guda mu rubuta adireshin a fili, don wanda zai buga jadawalin a takarda, da wanda ya fi son ya kwafa da hannunsa.

Shugaban taro, 'yan'uwa, kafin in zauna, ga abin da nake roƙon kowa ya tafi da shi. In mahaɗi ya buɗe a burauzar da ba ka so, ka duba saitin na'urarka. In ya kai ka ƙofar shiga alhali kana ciki, ka kwafi adireshin ka kai da kanka. In kai ne mai ɗora jadawali a intanet, ka bar wa mai karatu zaɓinsa, sai fa inda barin zai jawo masa asara, a nan ma ka sanar da shi. Kafin ka aika wa jama'a, ka gwada mahaɗanka a wata kwamfuta da ba taka ba, da kuma a waya, gama abin da ya yi aiki a teburinka ba lalle ne ya yi a hannun wani ba. Yawancinmu nan da shekara ɗaya ko biyu za mu zauna a kujerun da ake yi wa jama'a aiki. Mutumin da zai latsa abin da muka rubuta bai san mu ba, bai kuma ga abin da ke ƙarƙashin shuɗin rubutun ba, yarda kawai ya yi. Ya rage namu mu tabbata inda muka ce za mu kai shi, nan muka kai shi.